Yadda Za Ka Zaɓi Mai Yi Maka Rufi a Legas Kada Araha Ta Rufta da Kai

Kawuna ya fi shekara 20 yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Da Allah ya hore masa, ya sayi fili a bayan Ikorodu, ya riƙa ɗora bulo a kan bulo yana hutawa, har ginin ya kai linta bayan shekara huɗu. Da aka zo maganar rufi, mutum uku suka kawo masa farashi. Biyu sun yi kusa da juna, na ukun kuwa ya zabge kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya ce da shi, "Alhaji, ni ba riba nake nema a wajenka ba, zumunci nake so mu ƙulla." Kawu ya ji daɗin maganar, ya ba shi aikin. Rufin ya yi kyau a ido, duk wanda ya wuce sai ya ce sambarka.

A watan Yuni na damina ta biyu ya kira ni bayan sallar asuba, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Ɗana, in kana da hali ka zo yanzu." Na tarar silin ɗin falo ya rufto a kan kujeru, katifu sun sha ruwa, an kashe wutar gidan gaba ɗaya don ruwa ya shiga bututun waya. Da muka hau sama muka ga abin da aka ɓoye mana. Kwanon sirara ne kamar gwangwanin madara, katakon da ya kamata a jera kusa da kusa an wawware shi, ƙusoshin duk sun yi tsatsa sun bar huji, gara kuma ta fara cin katakon da ke kan bango. Lambar mai aikin ta daina shiga. Abin da Kawu ya kashe a gyara ya haura rarar da ya ɗauka ya samu, ban da kayan ɗaki da suka lalace da kuma zaman makonni a gidan maƙwabci da iyali.

Tun daga lokacin na tsaya a kan rufin ’yan'uwa da abokai da dama a Agege da Idi-Araba da Ojo, kuma abin da na fahimta shi ne: kwano kasuwarsa ɗaya ce, katako kasuwarsa ɗaya ce, ƙusa ma haka. In mutum ya zo maka da farashin da ya faɗi ƙasa warwas, to akwai inda zai cire wannan giɓin, kuma zai cire shi ne a wurin da idonka ba ya kaiwa, a sama, bayan silin. Aikinka shi ne ka sa duk abin da ake iya ɓoyewa ya fito fili kafin kuɗinka su bar hannunka. Ga yadda ake yi.

Da farko, ka ajiye lissafin rufin gida a gida

Da yawanmu da idon Kano ko Sakkwato ko Katsina muke kallon rufi. A can damina wata uku zuwa huɗu ce, sauran shekara iska a bushe take, kwano mai rauni ma yana iya yin shekaru bai tona asirin kowa ba. Legas ba haka take ba. Ruwa yakan fara tun Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma abin da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,500. Ruwan farko da guguwa yake zuwa, ita ce ke ɗaye rufin da ba a ɗaure shi da kyau ba. Ga laima da ba ta barin katako ya huta, ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe, musamman a Lekki da Ajah da Apapa da Badagry da duk unguwannin da ke bakin ruwa.

Don ka gane nauyin abin, milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin da ya rufe murabba'in mita 200, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 10,000 ce za ta bi ta kansa, wato jarka 400 mai cin lita 25. Duk wannan ruwan hanyar shiga ɗakinka yake nema.

Na biyu, ka auna rufinka da kanka kafin ka kira kowa

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, alhali tef da biro kawai yake buƙata. Auna tsawon ginin da faɗinsa daga waje. Ƙara abin da rufin zai zarce bango ta kowane gefe, a ce santimita 60. Gini mai mita 12 a faɗi da 15 a tsawo zai koma 13.2 da 16.2, in ka ninka su za ka samu murabba'in mita 214. Amma rufi a karkace yake, don haka ya fi wannan faɗi. In tashinsa matsakaici ne, wajen digiri 30, ninka da 1.15, ka samu wajen 246. In irin dogon rufin nan ne da ake yayi, mai digiri 45, ninka da 1.41, ka samu sama da 300. Sai ka ƙara ɗan wani abu saboda yanka da haɗi, kuma yawan kusurwoyin rufi yawan asarar kwano.

Wannan lissafin ba zai maye gurbin na ƙwararre ba, amma zai kare ka ta fuska biyu. Wanda ya rubuta maka 400 za ka san ya yi aringizo. Wanda ya rubuta 190 don farashinsa ya yi zaƙi, za ka san yana shirin dawowa a tsakiyar aiki ya ce kwano bai isa ba, a lokacin da rabin gidanka ke buɗe ga hadari, ba ka da bakin musu. Wannan dabarar ita ce ta fi yawa a wajen masu araha, kuma na ga ta ci mutane masu wayo sosai a kasuwancinsu.

Na uku, farashi a rubuce, filla-filla, daga mutum uku

Kada ka karɓi farashin baki, kada kuma ka karɓi takardar da aka rubuta "rufi gaba ɗaya" da jimilla ɗaya a ƙasa. Ka ce kowa ya rubuto maka irin kwanon, kamfanin da ya yi shi, kaurinsa, da adadin murabba'in mita. Ya rubuto irin katako, girmansa da yawansa, ƙusa ko sukuru da washarsu, murfin ƙololuwar rufi, kwanon kwari inda ɓangarori biyu ke haɗuwa, indararo, maganin gara, kuɗin mota, kuɗin aiki daban. Ka ba su bayani iri ɗaya su ukun, in ba haka ba kana gwada farashin goro da na dabino ne.

In takardun sun zo, ɗora su gefe da gefe ka bi layi-layi. A nan za ka ga inda arahar ta fito. Wataƙila mai arahar bai sa maganin gara ba sam, ko katakonsa ya gaza na sauran da guda ɗari, ko ya rubuta "alminiyom" kawai bai faɗi kauri ba. Tambaye shi cikin mutunci: "Malam, su sun rubuta katako kaza, kai ka rubuta kaza, ina bambancin ya tafi?" Mai gaskiya zai yi maka bayanin da hankali zai ɗauka, wataƙila yana da motarsa, ko yana sayen kwano kai tsaye daga masana'anta. Irin wannan rangwamen yakan zama kaɗan ne. Wanda ya ce "kai dai ka bar mini, Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" ya riga ya ba ka amsa.

Mafi tsada ma ba lallai ne ya fi iyawa ba. Akwai masu tsada da ke yin irin wannan ha'incin, su ci riba biyu. Binciken da ke tafe ya hau kan kowa.

Na huɗu, kwano

Nan zan daɗe, don nan ne kuɗin suka fi yawa, nan ne kuma cutar ta fi sauƙi.

Kusan iri uku ne za ka fi gamuwa da su a Legas. Akwai kwanon da muka sani tun kakanni, mai zuwa a bandir, falle 20 a kowane bandir. Shi ne mafi araha, shi ne kuma ya fi saurin tsatsa a iskar gishiri. Akwai dogon alminiyom da ake yankowa daidai tsawon rufinka, wanda ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Sai mai yashi a jiki, wanda kowa ke kira Gerard, ko da yake Gerard sunan kamfani ɗaya ne da ya samo asali daga ƙasar Niyuzilan. Sauran da ke cike da kasuwa wasu na kirki ne, wasu kuwa yashinsu kan fara zubewa cikin indararo bayan damina ɗaya ko biyu, launin ya koɗe.

A alminiyom kauri ne komai. Za ka ji ana cewa 0.40 ko 0.45 ko 0.55 ko 0.70, duk na milimita ne. Ga gidan zama a Legas ni 0.55 nake ba mutane shawara, in aljihu ya matsa 0.45 na gaskiya tare da katako kusa da kusa. Matsalar ita ce ido ba ya bambance 0.55 da 0.40, kuma ana sayar wa mutane na biyun da sunan na farkon a kullum. Ga hanya uku da za ka gane.

Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin kauri da ake kira maikuromita, ana samunsa a shagunan kayan aiki, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin rufi. Sayi naka. Kada ka dogara da na mai sayarwa, don ana iya juya shi ya faɗi abin da ake so. Rufe bakinsa ka tabbatar yana kan sifiri, sannan ka auna falle uku ko huɗu da kai ka zaɓa daga tsakiyar kaya, ba wanda aka miƙo maka daga sama ba. Ka tuna fenti yana ƙara ɗan kauri, don haka in ya nuna ƙasa da abin da ka biya, to ƙarfen da ke ciki ya fi haka ma sirantaka.

Hanya ta biyu sikeli, kuma mu ’yan kasuwa mun fi kowa sanin sikeli. Murabba'in mita ɗaya na shimfiɗaɗɗen alminiyom mai kaurin 0.55 nauyinsa kusan kilo 1.5 ne, na 0.45 kusan kilo 1.2, na 0.40 kuwa kilo 1.1 bai cika ba. Sa a yanko maka ɗan gutsure mai santimita 50 ta kowane gefe kafin injin ya lanƙwasa shi: na 0.55 zai kai wajen giram 370, na 0.45 wajen 300, na 0.40 wajen 270.

Ta uku maganaɗisu. Alminiyom ba ya kama maganaɗisu. In ka kara ya manne, to ƙarfe ne aka lulluɓe, ba alminiyom ba. Shi ma wannan yana da amfaninsa da farashinsa, laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan wani abu.

Abin da ya fi duka shi ne ka je masana'antar da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Tafi da mai aikin ya ba da awo, a warware naɗin a gabanka, ka auna, ka biya kamfanin kai tsaye, ka karɓi rasit da sunanka wanda aka rubuta kauri da yawan mita a jiki. Ka tambayi kuma faɗin da falle zai rufe bayan an lanƙwasa shi, domin lanƙwasa tana cin faɗi, wasu kuma da faɗin naɗin suke yi maka lissafi. Ranar da mota ta kawo kaya ka sake ƙirgawa ka sake aunawa kafin a sauke. Tsakanin masana'anta da fili ma ana yin musanye. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya a ƙasar nan, kuma tambayar ko kayan kamfani na da shaidarta ba laifi ba ne, amma awon da ka yi da hannunka shi ne shaidar da ba ta ƙarya.

Na biyar, katako, ƙashin bayan rufin

Kwano mai kyau a kan ruɓaɓɓen katako asara ce. Mai araha yakan cuce ka a katako ta hanya huɗu: ya kawo mai taushi a madadin mai ƙarfi, ya kawo ɗanye, ya kawo wanda bai cika awo ba, ko ya wawware shi don ya rage yawa.

Je kasuwar katako da kanka. Oko Baba da ke Ebute Metta ta daɗe da yin suna a wannan sana'a, gwamnatin jiha kuma ta gina wa masu yankan katakonta sabon matsuguni a Agbowa. Ban da su, kusan kowane yanki yana da tasa kasuwar. Ka ce katako mai ƙarfi na rufi kake so. Danna farce ko bakin mukulli a jiki: in ya lotsa da sauƙi, na yin akwati ne da kafa siminti, ba na ɗaukar rufi ba. Ɗaga shi ka ji. Ɗanye yana da sanyi da nauyin ruwa, in aka kafa shi a haka zai bushe a sama ya murɗe, ya ja ƙusa ta saki. Ɗora ido a kan tsawonsa ka ga ko ya miƙe. Sa tef a kan wanda aka ce biyu-da-huɗu ne ko biyu-da-shida, za ka sha mamakin yadda wasu ke ƙwange. Mai ƙananan huji da gari-gari a jiki, ƙwaro ya riga ka.

Maganin gara ba abin wasa ba ne a ƙasa mai laima. A shafe kowane katako da maganin katako na gaskiya, irin su Solignum, ta fuska huɗu har da bakin da aka yanka, tun yana ƙasa kafin a hau da shi. Masu araha baƙin man inji suke shafawa, don ya yi baƙi ka ɗauka an sa magani. Ka sayo maganin da kanka, a buɗe gwangwanin a gabanka.

Sannan tazara. A dogon alminiyom, katakon kwance da ake kafa kwano a kansa bai kamata ya wuce ƙafa biyu zuwa uku tsakani ba, kuma sirantakar kwano tana neman a ƙara matso shi. Raftoci kuwa, wato katakon da ke gangarowa daga ƙololuwa zuwa bango, ƙafa uku zuwa huɗu. Kwano mai yashi yana da tasa tazarar da kamfani ya ƙayyade, wajen santimita 37, in an kuskure ba zai zauna ba. Hau da tef ranar da aka gama kafa katako, kafin falle ɗaya ya hau. In ba ka iya hawa, tura yaronka da waya ya ɗauko maka hoton tef ɗin a kan katako.

Abu na ƙarshe a nan, wanda shi ke raba rufin da zai tsaya da wanda guguwar Afrilu za ta kai gidan maƙwabci: ɗauri. Dole katakon da ke kwance a kan bango ya ɗauru da ginin kansa, da rodin da aka bari a cikin kankaren saman bango aka lanƙwaso a kansa, ko da langa-langa mai kauri da aka binne a ciki. Rufin da aka aza kawai aka buga wa ƙusa a bulo, hula ce a kan gini.

In rufin ƙarfe za ka yi a madadin katako, ka huta da gara amma ba ka huta da tsatsa ba. Auna kaurin ƙarfen, ka tabbatar an shafe shi da jan fentin hana tsatsa, musamman wuraren walda.

Na shida, ƙananan abubuwan da ruwa ke bi

Ruwa ba ya huda tsakiyar kwano, ta haɗi da huji yake shiga. Ƙusar ƙarfe zalla a jikin alminiyom, in laima da gishiri suka haɗu, cin juna suke yi har hujin ya buɗe. A yi amfani da ƙusa ko sukurun da aka yi don wannan kwanon, kowace da washar roba, a buga ta a kan tudun kwano ba a cikin kwarin da ruwa ke gudu ba. A kwanon bandir, falle ya hau kan ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi ta gefe, ta tsawo kuma aƙalla inci shida. Mai son rage falle a nan yake sata.

Ka sa ido sosai a kwari, inda ɓangarori biyu ke zuba ruwansu wuri ɗaya. Kwanon wurin ya zama mai faɗi, ba guntaye da aka harhaɗa ba. In kuma ɓoyayyen rufi kake yi, irin wanda bango ke tasowa ya rufe kwanon, to ka ninka kulawa. Yana da kyau a ido, amma duk ruwan a cikin kwatamin siminti yake taruwa a saman bangonka. Dole kwatamin ya yi faɗi, ya karkata zuwa mafita, a shimfiɗa masa abin hana ruwa, bututun saukar ruwa su yi yawa su yi girma, a kuma tsaga bango a cusa bakin kwanon da ke rufe haɗin, ba a liƙa da siminti a sama kawai ba. Wannan rufin ba na mai koyo ba ne, kuma ban taɓa ganin mai araha ya yi shi daidai ba.

Na bakwai, binciki mutumin

Hoton waya ba shaida ba ne, kowa na iya ɗaukar gidan wani. Ce masa ya kai ka gida biyu da ya rufa, waɗanda suka ga damina uku ko fiye. Yi sallama da mai gidan, ka tambaye shi ko yana yoyo, ko an nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki, ko mutumin ya dawo da aka kira shi gyara. Duba silin da idonka ko akwai tabon ruwa. San shagonsa ko gidansa. In ya ce kamfani ne, ana iya duba rajistarsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. In ginin bene ne ko rufin mai faɗi ne kamar na masallaci ko sito, nemi magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON ko injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya duba tsarin; kuɗin dubawar kaɗan ne a kan abin da zai tsare maka. Hukumar LASBCA kuma ita ke sa ido a kan gine-gine a jihar, kada wani ya ce maka takardun gini ba su da amfani don aikin ya yi sauri.

Zan faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba. Mu a nan baƙi ne, in muka ji mutum ya yi Hausa ko muna haɗuwa a sahu ɗaya, sai kunya ta hana mu bincike. Na ga Bahaushe mai amana a wannan sana'a, na ga Bayerabe da mutumin Kwatano masu amana, na kuma ga maha'inta a cikin kowannensu. Wanda ya kawo maka shi ma ka sani ko yana da la'ada a ciki, don la'adar daga kwanonka za ta fita.

Tambaye shi kuma yadda yaransa ke aiki a sama. Dogon falle in iska ta kaɗa shi ya taɓa wayar lantarki, rai ne. Mai araha yakan kwaso yaran da ba su taɓa hawa rufi ba don kuɗinsu kaɗan ne, in wani ya faɗo kuma a filinka ya faɗo. In tsohon rufin asbestos za a cire, irin wanda ke kan tsofaffin gidajen Agege da Mushin, kada a farfasa shi. Ƙurarsa tana jawo mummunar cutar huhu har da sankara. A jiƙa shi, a cire shi falle-falle, masu aikin su rufe hanci da baki.

Na takwas, yarjejeniya da biyan kuɗi

A rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka babu wanda zai ce maka rubutu rashin yarda ne. Takarda ɗaya ta isa: sunayenku, wurin aikin, kayan da aka amince da su da kaurinsu da tazararsu, jimillar kuɗin aiki, ranar farawa da ta gamawa, da sharaɗin cewa duk yoyon da ya ɓullo a damina ta farko shi zai gyara da kuɗinsa. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Kaya kai za ka saya, shi kuɗin aikinsa zai karɓa, kuma kashi-kashi: ɗan kafin alƙalami ranar farawa, kashi na biyu in an gama katako ka duba, na uku in kwano ya hau. Ka riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har rufin ya ga ruwa mai ƙarfi. Haka ake yi a manyan kwangiloli ma, kuma ka faɗa masa tun farko a rubuta, kada ya zama ka danne masa haƙƙi daga baya. In lokacin biya ya yi kuma aikin ya yi kyau, biya shi a ranar ba tare da ja-in-ja ba. Mai aikin kirki da aka wahalar a kan kuɗinsa, gobe shi ma zai koyi rage ƙusa. Biya ta banki ya fi, don yana barin shaida.

Ka sa a lissafinka cewa a wasu unguwanni Omo Onile, wato masu iƙirarin filin na kakanninsu ne, kan ɓullo ranar da aka fara rufi su nemi kuɗi. Dokar kare kadarori ta jihar Legas ta 2016 ta haramta wannan, amma ka yi magana da shugabannin unguwa da maƙwabtan da suka riga ka gini tun kafin ranar, kada aiki ya tsaya katako na shan ruwa. Lokacin da ya fi dacewa da rufi kuwa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu.

Kafin a sa silin

Kada ka bari a rufe sama da silin sai ka gwada rufin. Shiga ciki da tsakar rana ka ɗaga kai. Duk inda ka ga ɗigon haske a inda bai kamata ba, ruwa zai bi ta nan. Sa a hau da tiyo a zuba ruwa a ƙololuwa da kwari da gefen bango na tsawon lokaci, wani yana ciki yana kallo. In da hali ka jira ruwan sama na gaske guda ɗaya. A share guntayen kwano da ƙusoshi daga indararo. A bar ƙofar shiga cikin silin, domin duk shekara kafin damina ka leƙa da tocila.

In kuma ka riga ka faɗa hannun irin wanda Kawu ya faɗa, kada ka fara da faɗa. Ɗauki hotuna da bidiyon yoyon, tattara rasit da shaidar tura kuɗi da saƙonnin waya, ka samo wani ƙwararre ya duba ya rubuta abin da ya gani. Nemi mutumin ta hannun wanda ya haɗa ku, ko shugabannin ƙungiyar sana'arsa, ko fadar Sarkin Hausawan yankinku in ɗan gida ne. In bai yiwu ba, gwamnatin Legas tana da cibiyar sasanta jama'a da ke sauraron irin wannan kyauta, da hukumar kare masu sayen kaya ta LASCOPA, da kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a 2018, wadda mutum ke iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba. Kafin a kai ga haka, sa a lulluɓe wurin da tamfol, a kashe wutar ɓangaren da ruwa ya taɓa, a kuma huda silin ɗin da ya kumbura ruwan ya zube a bokiti kafin ya rufto a kan yara.